Hannun Da Ke Goge Kyamarar Jamilu

Akwai wani mai ɗaukar hoto a garin Yelwa ta ƙasar Yawuri, sunansa Jamilu. In dai biki ne na masu hali, ko suna, ko walimar sauka, daga Yelwa har Wara shi ake nema. Hotonsa fes yake fita. In ya ɗauki masunta a kan ruwa, sararin saman da ke bayansu sai ka rantse da sabulu aka wanke shi.

Ido kam yana da shi, ba mai musun wannan. Sai dai bakinsa ya fi reza kaifi, kuma a gida ya fi wasa shi.

Matarsa Murjanatu ɗiyar wani masunci ce daga Shanga. Mace ce mai sanyin magana, ɗinkin hula take yi a ɗakinta. Tun makon farko na aurensu ya kafa mata doka.

"Kin ga jakar can? Ko inuwarki kar ta faɗa mata. Hannun da ya tashi cikin ƙarnin kifi ba ya taɓa mini kyamara."

Ta ce, "To, Maigida."

In abokansa suka zo, da ita yake ba su dariya. Sai ya ce ai a Shanga in aka ga mai kyamara gudu ake yi, an ɗauka bindiga ce. Su kwashe da dariya, ita kuwa ta ajiye musu ruwa ta koma ciki. Shekara uku ana haka.

A ƙarshen wata damina, zazzaɓi ya kwantar da Murjanatu kusan mako uku. A cikin kwanakin ne Jamilu ya je bakin ruwa ɗaukar wasu mata masu bandar kifi, ƙungiyarsu na son hoton kalanda. Hayaƙi na tashi, toka na yawo, shi kuwa yana tsaye a tsakiyar iska yana cire gilashin gaban kyamara yana sa wani, kamar yadda ya saba.

Da ya buɗe hotunan a kwamfuta, sai ya ga ɗigo uku baƙi-baƙi a sararin sama. Ya duba hoto na biyu, suna nan. Ya duba na goma, suna nan, wuri ɗaya, ko motsi ba su yi ba. Ya goge gilashin har ya gaji, ba abin da ya sauya.

Bai taɓa ganin haka ba. Ya yini yana huci, yana neman wanda zai ɗora wa laifi.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ya fita zuwa shago. Yana isa ya tuna ya bar makulli a gida, ya juyo. Ya tarar da ƙofar ɗakinsa a rufe, tagogi ma a rufe, fanka a kashe duk da zafin da ake yi. Ya tura ƙofar.

Murjanatu na zaune a kan tabarma, har yanzu da ramar ciwo a fuskarta. Kyamararsa na hannunta, an cire gilashin, ta kifa bakinta ƙasa, tana matsa wani ɗan famfon roba mai kama da ƙwai yana hura iska ciki. A gefenta ga wani ɗan akwatin ƙarfe a buɗe.

Abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, "Maigida, don Allah rufo ƙofar a hankali, iska za ta shigo da ƙura."

Jamilu ya ji kamar an watsa masa wuta.

"Ke! Ashe ke ce? Ke ce kike ɓata mini aiki?"

"Wallahi gogewa nake. Ƙura ce ta hau sensa, wannan ɗan farantin da ke can ciki, wanda haske ke sauka a kai. Marigayi Yaya Bashiru ne ya koya mini, lokacin da yake gyara a kasuwa. Ka bari in gama, ka ɗauki hoton sama ka gani."

"Bashiru? Wannan da ya mutu yana lallaɓa rediyon ƙauyawa? Shi ne zai koya wa wani kyamara?"

Idanunta suka kawo ruwa.

Ya fizge kyamarar. Ya ɗauki akwatin ya fita da shi tsakar gida. Gidan haya ne, ɗaki shida, matan gidan duk suna waje, wasu na wanki, wasu na tsince shinkafa. A gabansu ya zazzage akwatin a ƙasa. 'Yan sanduna masu faɗin kai, naɗe da farin ƙyalle, kowacce a cikin ledarta, suka warwatsu. Ya bi su da takalmi yana murjewa. Ya taka famfon robar har ya fashe. Wata 'yar kwalba mai ruwan gogewa kuwa, ya buɗe ta ya tsiyaye a makwarara.

Murjanatu ta durƙusa tana tattara abin da ya rage.

"Maigida, kayan Yaya ne. Su kaɗai ya bar mini."

Wata dattijuwa maƙwabciyarsu, Gwaggo Rabi, ta taso tana cewa, "Haba Jamilu, ka ji tsoron Allah, yarinyar nan jiya-jiya ta tashi daga ciwo."

Bai ko kalle ta ba. Ya zaro wayarsa, ya ɗauki hoton matarsa a durƙushe, hawaye da majina a fuska, ɗankwali ya zame. Nan take, yana tsaye a kanta, ya ɗora shi a shafinsa ya rubuta: "Na kama mai ɓata mini aiki. Duk wanda ya auro ɗiyar masunta ya sa wa jakarsa kwaɗo."

Sannan ya ce, "Ki tattara ki tafi gidanku. Sai na neme ki."

Ta shiga ta ɗaure kayanta a zane ɗaya. Da ta zo bakin ƙofa, ta ga kyamarar a kan gado, bakinta a buɗe yana kallon sama. Ta ce a hankali, "A rufe ta dai, kar a bar ta haka."

"Fice mini!"

Da ƙafa ta tafi tasha cikin ranar tsaka, kaya a ka. Babur ɗinsa na jingine a ƙofar gida.

Kafin la'asar hoton ya zaga Yelwa. Wasu sun yi masa faɗa, ya goge maganarsu. Masu dariya kuwa ya bar tasu, har yana ba su amsa.

Mako ɗaya, biyu, wata guda. Jamilu bai je Shanga ba, bai aika ba, bai kira ba. In an tambaye shi ya ce, "Tana karatun ladabi."

Amma ɗigon nan bai tafi tare da ita ba. Uku suka koma bakwai. Bakwai suka koma ba a ƙirgawa. Wani ya zauna a goshin ango, wani kamar gashi ya miƙe a kan farar rigar liman. Jamilu ya koma yini a gaban kwamfuta yana share su ɗaya bayan ɗaya, hoto ɗari uku, har idanunsa su yi ja. Aikin kwana biyu ya koma na mako biyu. Masu biki suka fara ƙorafi.

Wata rana a wurin wani suna ya haɗu da Aliyu, shi ma mai hoto ne, wanda Jamilu ya daɗe yana kira ɗan koyo. Aliyu ya ce masa, "Ni kuwa na daɗe ina son tambayarka. Wa ke wanke maka sensa? Mu duk bayan wata biyu sai mun aika tamu Kano. Kai ga ka kullum a bakin ruwa cikin toka da yashi, amma shekara uku ban taɓa ganin ɗigo a aikinka ba."

Jamilu ya yi dariyar yaƙe. "Tawa ba irin taku ba ce. Ba ta kama ƙura."

Aliyu ya dube shi. "Ba a yi kyamarar da ba ta kama ƙura ba, Jamilu."

Maganar ta bi shi har gida. Ya tarar da Gwaggo Rabi tana shanya a tsakar gida. Bai gaishe ta ba tun ranar nan, amma yau ya tsaya.

"Gwaggo, wai dama ta saba taɓa mini jaka?"

Tsohuwar ta yarfe zanen da ke hannunta, ta rataye, sannan ta juyo.

"Duk ranar Litinin. Kana fita za ta share ɗaki, ta yayyafa ruwa, ta rufe ko'ina, ta jira ƙura ta kwanta. Ta wanke hannu kamar mai shirin alwala. In ta gama ta leƙo ta ɗauki hoton sama, ta duba, in da saura ta koma. Da sandunan ɗan'uwanta suka ƙare, da kuɗin ɗinkin hularta take ba da sautun wasu daga Kano. Na ce mata ki gaya masa mana. Ta ce a'a, Gwaggo, in ya ga ɗigo a hoto gidan ba zai zaunu ba, in kuma ya san ni ke gogewa ba zai zaunu ba, gara in yi shiru."



A nan ne fa ya kamata Jamilu ya hau babur ya nufi Shanga. Zuciyarsa ta gaya masa haka. Amma sai wata muryar ta ce, idan ka je, me za ka ce wa waɗanda suka ga hoton? Kai da bakinka za ka ce ɗiyar masunta ta fi ka sanin kyamararka?

Ya ce wa Gwaggo Rabi, "Abin da mace ta yi a ɓoye, ni zai gagara?"

A makon ne aka ba shi aiki mafi girma a shekarar. Hajiya Zulai'atu, babbar dillaliyar busasshen kifi a Wara, za ta aurar da ɗiyarta tilo. Ta ce ba ta son kowa sai Jamilu.

Ana gobe biki, da rana, ya zauna a bakin gado, taga a buɗe, fanka na juyawa. Ya cire gilashi, ya leƙa ciki, ya ga farantin yana sheƙi. Ya kai baki ya hura. Ɗigon yawu ya sauka a kai. Ya ɗauko audugar goge kunne ya shafa, wurin ya yi dabbare-dabbare. Ransa ya ɓaci. Ya naɗa gefen tsumman da yake goge jaka a kan tsinken tsire, ya tsoma a turare, ya danna, ya goga gaba da baya da ƙarfi.

Ya ji wani ɗan ƙara, ƙirrr, siriri kamar kukan sauro. Ƙwayar yashi ce a jikin tsumman.

Ya mayar da gilashi, ya ɗauki hoton labule a cikin duhun ɗaki, ya duba a ɗan allon bayan kyamara. Bai ga komai ba. Ya yi tsaki.

"Shi ke nan abin da ake ta kuri a kai?"

Bikin Wara ya yi biki. An kafa fararen rumfuna a fili kusa da ruwa, rana ta take, amarya ta fito cikin farin leshi. Jamilu na ta kai da kawo yana daka wa mutane tsawa su matsa masa. Sau biyu ya hango kamar wani zare a allon, ya ce hasken rana ne.

Da ya dawo Yelwa ya buɗe hotunan a kwamfuta, sai da ya dafa bango.

Layi biyu, dogaye, sun ratsa kowane hoto daga wannan kusurwa zuwa waccan. A kusa da su wani gajimare mai maiƙo, inda turaren ya bushe. A hoton amarya da mahaifiyarta, layin ya bi ta kan idon amarya ya fita ta bakin Hajiya. Hoto ɗari shida, babu ɗaya da ya tsira.

Ya yi mako uku yana ƙoƙarin sharewa. Inda ya share, fuska ta narke kamar kakin zuma. Ya daina ɗaukar waya.

Hajiya Zulai'atu ba ta aiko ba. Da kanta ta zo, ranar kasuwar Yelwa, ta tsaya a ƙofar shagonsa mutane na kallo. Ta sa ya buɗe mata hotunan. Ta daɗe tana kallon fuskar ɗiyarta.

"Ɗiya guda Allah ya ba ni. Rana guda ce, ba ta dawowa." Ta ɗaga murya yadda na nesa zai ji. "Ashe kai ne ka ce a sa wa jaka kwaɗo saboda ɗiyar masunta? To ni ma ɗiyar masunta ce, jikar masunta. Da na san kai ne mai wannan rubutu da ko ƙofar gidana ba ka taka ba. Ku duba aikin gwani, jama'a!"

Matasa suka ciro wayoyi suna ɗaukar allon kwamfutar, suna ɗaukarsa shi ma yana zufa. Ya sa hannu ya rufe fuska.

Ranar da ya hau babur zuwa Shanga, wata biyar ke nan cif da tafiyar Murjanatu. Ya rataya jakar kyamara a kafaɗa.

Ya tarar da mahaifinta, Malam Mamuda, a zaure yana ɗinke komarsa ta kamun kifi. Ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Baba, na zo biko ne. A yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne."

"Mi ke cikin jakar ga?"

"Kyamara ce, Baba. Ta ɗan samu matsala. Na ce ko in an daidaita za ta duba mini."

Malam Mamuda ya ajiye komar. Ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Wata biyar. Ɗiyata ta iso nan da zazzaɓi ya dawo mata, kwana tara ba ta san inda take ba, ba ka kira ba. Uwarta ta je awo kasuwa, 'yan mata suka nuna mata hoton ɗiyarta a waya suna dariya, ta dawo ta kwanta, ba ka zo ba. Yau ƙarfe ya yi ciwo, ka taso tun daga Yelwa."

Jamilu ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya aika aka kira Murjanatu. Ta shigo cikin hijabi, ta zauna a bayan mahaifinta. Ta yi ƙiba kaɗan. Ba ta gaishe shi da sunan da ta saba ba, ta dai ce, "Sannu da zuwa."

Mahaifinta ya ce, "Duba mishi, kar ya ce mun hana."

Ta karɓi kyamarar, ta juya baya ga ƙofa, ta cire gilashi, ta karkata ta wajen haske. Kallo ɗaya ta yi mata. Ta mayar da gilashin ta miƙa masa.

"Wannan ba ƙura ba ce. An karce ta. Ba abin da zan iya yi."

"To ki dawo ɗakinki, Murja. Ya wuce."

"A wurinka ya wuce." Muryarta ba ta tashi ba. "Zagina na saba da shi. Amma ka zagi Yayana yana cikin kabari, ka taka kayansa, ka nuna wa duniya kaina ba ɗankwali. Baba, ni dai takardata nake so."

Ko a nan, da ya kwantar da kai, da ya tafi ya sake dawowa da manya, wataƙila da an samu hanya. Amma jin mace ta ƙi shi a gaban mahaifinta sai tsohon halin ya motsa. Ya yagi takarda daga littafin da yake rubuta sunayen masu biki, ya rubuta, ya jefa a kan komar.

"Dama alfarma na yi muku."

Malam Mamuda ya ɗauki takardar, ya ninke, ya sa a aljihu. "Mun gode. Allah shi kiyaye hanya."

Mai gyara a Kano ya faɗi abin da ta faɗa, ya ƙara da cewa gara sayen wata. Jamilu bai samu halin sayen wata ba, don aiki ya ɗauke ƙafa. Ba wanda zai ba shi ranar ɗiyarsa bayan abin da ya faru a Wara. Ya saki shago. Daga baya ya saki babur.

Ƙarshenta Aliyu ne ya tausaya masa ya ɗauke shi. Yana riƙe masa fitila a wurin biki, yana kai wa mutane hotunansu gida.

Bayan shekara biyu, wata safiya, Aliyu ya miƙo masa jaka mai kyamara biyu. Bai iya haɗa ido da shi ba.

"Ka yi haƙuri, ba wanda zan aika, kuma jibi muna da aiki. Shanga za ka kai. Yanzu duk masu hoton Yelwa da Wara can muke kaiwa, mun huta da Kano."

Jamilu bai tambayi wurin wa ba. Ya karɓa.

Aka kwatanta masa gidan, kusa da makarantar firamare. Ya yi sallama. Wani mutum mai fara'a ya fito, alli a hannun rigarsa, ya ce sunansa Malam Usman, shi ne maigidan.

"Daga wurin Aliyu ko? Sannu da hanya, ɗan aike. Zauna ga tabarma. Uwargida ta ce in an kawo a jira, ba ta daɗewa. Wa za a ce mata ya kawo?"

Jamilu ya zauna a kan tabarmar.

"A ce ɗan aike ne kawai."

Malam Usman ya kawo masa ruwa mai sanyi da fura, ya ɗauki jakar da hannu biyu ya shiga da ita. Jamilu ya ji yana cewa, "Ranki ya daɗe, injiniya, ga marasa lafiya biyu an kawo asibiti."

Sai ya ji dariya daga cikin gida. Dariyar mace, sakakkiya, har da tafa hannu, jariri na taya ta da gwaranci.

Ya kasa kunne. Muryar ya san ta. Dariyar ce bai sani ba. Shekara uku suna ɗaki ɗaya, bai taɓa jin ta ba.

Furar na gabansa har ƙuda ya fara sauka a bakin kwanon. Bai iya sha ba.

Darasi: Sau da yawa hasken da kake taƙama da shi, wani ne ke goge maka shi a ɓoye ba tare da ya nemi godiya ba. Kar ka wulaƙanta mutum saboda asalinsa ko sana'ar iyayensa, balle wanda ke ƙarƙashin inuwarka. In kuma ka gane ka yi kuskure, ka gaggauta ba da haƙuri tun ana iya gyarawa, domin girman kai rawanin tsiya ne. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai Murjanatu a gidansa bai sani ba.